Taya a Kan Rairayi: Sharhi Kan Tsara Tuƙin Ababen Hawa a Gaɓar Tekun Kwaddebuwa

Gaɓar tekun Kwaddebuwa ta kai tsawon kilomita 566 ko kusa da haka, tun daga iyakar Laberiya a yamma har zuwa iyakar Gana a gabas, kuma kusan duk ɓangarenta na gabas, daga Fresco zuwa Assinie, siririn zirin rairayi ne da ya shiga tsakanin Tekun Atalantika da manyan tafkunan Grand-Lahou da Ebrié da Aby. Wannan ziri shi ne katangar da ke tsare tafkunan da garuruwan da ke bayansu daga raƙuman teku, a kansa masunta ke ajiye kwale-kwalensu, a kansa kunkurun teku ke haƙa ramin ƙwai, a kansa kuma mutanen Abidjan ke shan iska a ƙarshen mako. Tambayar ko ya dace mota da babur su hau wannan rairayi, da wa za a bari, da wane lokaci, ta daɗe tana haddasa gardama da shari'a a ƙasashe da dama, kuma tana ƙara kusantar Kwaddebuwa gwargwadon yadda kwalta ke ƙara kusantar bakin ruwa.

Abin da ya haɗa Adjamé da Treichville da batun

Adjamé ba ta taɓa teku ba, Treichville ma tafkin Ebrié ne ya kewaye tsibirin da take kai, amma waɗannan unguwannin Abidjan biyu su ne ƙofar da jama'a da kaya ke bi zuwa gaɓa da dawowa daga can. A Treichville tashar Bassam take, inda motocin haya ke lodin fasinjan Grand-Bassam da Bonoua da Aboisso, a nan kuma tashar jiragen kamun kifi take tare da cibiyar binciken harkokin teku da ake kira CRO, yayin da Adjamé ke riƙe da babbar tashar mota da kasuwannin da kifin gaɓa, ɗanye da banda, ke ratsawa kafin ya isa tukunyar gida. Hausawan da ke kasuwanci a waɗannan unguwanni, da mahauta da masu tsire da 'yan koli da ke bin taron jama'a zuwa Port-Bouët da Bassam a ranakun hutu, da direbobin da ke jigilarsu, duk abincinsu na da alaƙa da lafiyar wannan rairayi, ko da ba su taɓa sa ƙafa cikin ruwan gishiri ba.

Abin da ya sauya al'amarin a shekarun baya-bayan nan shi ne hanya. A watan Maris na 2015 aka buɗe gadar Philippe-Grégoire Yacé, wadda ta maye gurbin jirgin fito da ake jira kafin a tsallaka zuwa Jacqueville, a watan Satumba na shekarar kuma aka buɗe babban titin Abidjan zuwa Grand-Bassam, sannan aka sake gina hanyar gaɓa da ta nufi San Pedro gabanin gasar cin kofin Afirka da ƙasar ta karɓi baƙuncinta a farkon 2024. Abidjan, birnin da mazaunansa suka haura miliyan biyar, ya sami hanyoyin da ke kai mai mota bakin ruwa cikin sa'a guda ko biyu, kuma da zarar kwalta ta ƙare a gindin kwakwa, mai kat-kat, wato motar da ƙafafunta huɗu duka ke ja, ba ya ganin dalilin tsayawa. Haka ma babur mai ƙafa huɗu da ake bayarwa haya a wuraren shaƙatawa, da babur mai ƙafa uku na dakon kaya, da tifar da ke neman yashi.

Abin da taya ke yi wa gaɓa

Mai kallo daga nesa yana ɗaukar bakin teku a matsayin fili guda, alhali masana sun kasa shi uku. Akwai jiƙaƙƙen rairayin da ruwa ke hawa ya sauka a kansa sau biyu a yini, akwai busasshen rairayin da ke samansa wanda sai teku ya yi fushi yake isa gare shi, akwai kuma tudun da ke baya, inda ciyayi masu yaɗo suke, cikinsu har da wani ɗan'uwan duman rafi mai fure ja-ja wanda saiwoyinsa ke ɗaure rairayi kamar raga. Wannan tudu shi ne rumbun gaɓa, domin iska ce ke tara masa rairayi a lokacin da teku ya lafa, shi kuma ya mayar wa gaɓa abin da raƙuman damina suka kwashe. Ciyawar da ke riƙe da shi tana jure gishiri da rana, amma ba ta jure nauyi, kuma wucewar mota 'yan lokuta kaɗan ta isa ta tsinka yaɗonta, ta buɗe kafar da iska za ta faɗaɗa, ruwa kuma ya biyo ta ranar da ya tumbatsa.

Yanayin gaɓar Kwaddebuwa ya sa matsalar ta fi tsanani a nan fiye da wuraren da suka yi suna da tuƙin bakin teku. A Daytona ta Amurka rairayin laushi ne, shimfiɗaɗɗe, mai tauri in ruwa ya janye, shi ya sa aka yi tseren motoci a kansa tun farkon ƙarni na 20 har zuwa 1958. A gabashin Kwaddebuwa kuwa gaɓar gangare ce mai tsayi, rairayin gautsi ne da ke nitsar da ƙafa, tazarar da ke tsakanin cikar teku da janyewarsa ba ta da yawa, raƙuman kuma da ƙarfi suke fashewa daf da tudu. Saboda haka jiƙaƙƙen zirin da mota za ta bi ba tare da ɓarna mai yawa ba ƙanƙani ne kuma mai haɗari, direban da ke gudun kada ruwa ya ci motarsa dole ya hau sama, ya bi daidai inda ciyawa da ramukan ƙwai suke.

Kunkurun teku shi ne ya fi shan wahalar wannan hawa. Jinsuna uku ne suka fi yin ƙwai a gaɓar ƙasar, wato mai launin zaitun, da kore, da ƙaton nan mai bayan fata wanda nauyinsa ke haura kilo 300, kuma lokacinsu ya fi ƙarfi daga wajen watan Oktoba zuwa Fabrairu, wanda ya haɗa da rani da bukukuwan ƙarshen shekara, lokacin da baƙi suka fi cika gaɓa. Macen tana fitowa da dare, ta ja jiki zuwa busasshen rairayi, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai kimanin ɗari, ta rufe, ta koma ruwa ba tare da ta sake waiwayarsu ba, zafin rairayi ne ke ƙyanƙyashe su cikin kusan wata biyu. Fitilar mota da ƙarar inji na iya mayar da ita teku ba ta yi ƙwan ba. Nauyin taya yana fasa ƙwan ko ya danne rairayin da ke samansu har 'ya'yan su kasa tonowa. Wanda ya fito kuma, da bai kai tafin hannun yaro ba, in ya faɗa cikin kwarin da taya ta bari sai ya kasa hawa bangon, ya yi ta bin sawun motar a tsaye da gaɓa maimakon ya gangara ruwa, har gari ya waye, rana ko tsuntsu ko kare su gama da shi. Ƙaguwar rairayi da ke fitowa kiwo da dare, da ƙananan halittun da ke binne a jiƙaƙƙen rairayi waɗanda kifin bakin gaɓa ke ci, su ma tayar ba ta barinsu.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa mota ba ita ce babbar mai cin gaɓar Abidjan ba. Igiyar ruwa a wannan yanki tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas, kuma tun da aka gama haƙa mashigin Vridi a 1950 domin buɗe tashar jiragen ruwa, katangun bakinsa ke tare rairayin da ya kamata ya isa Port-Bouët, wani kuma yana zurarewa cikin zurfaffen kwarin da ke ƙarƙashin teku daura da birnin, wanda Faransawa suka laƙaba wa suna rami marar ƙarshe. A watan Agusta na 2011 teku ya rushe gidaje a gaɓar Port-Bouët, a Lahou-Kpanda kuma ya ci tsohon gari har da maƙabarta. Wani binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa lalacewar yankin gaɓa, da ta haɗa ambaliya da zaizaya da gurɓata, ta ci wa Kwaddebuwa kusan dala biliyan biyu a 2017, wato kashi 4.9 cikin ɗari na abin da ƙasar ta samar a shekarar. Muhimmancin mota a wannan lissafi shi ne tana raunana katangar da dama ta raunana, kuma ita ce ɓarnar da ta fi sauƙin hanawa, tunda ba ta bukatar dutse ko siminti, sai doka da mai tsaronta.

Hurumin da ke akwai da dokokin da suka shafe shi

Wurin da aka keɓe, ko hurumi, shi ne yankin da hukuma ta iyakance abin da za a yi a cikinsa domin kare abin da ke raye a wurin, kuma gaɓar Kwaddebuwa na da irinsa iri-iri. Akwai gandun ƙasa na tsibiran Ehotilé a tafkin Aby da aka kafa a 1974, da na Azagny kusa da Grand-Lahou da aka kafa a 1981, waɗanda hukumar gandaye ta OIPR, da aka ƙirƙira a 2002, ke kula da su. Akwai dausayoyin da aka yi wa rajista ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi, irin su na Grand-Bassam da Fresco da Sassandra-Dagbégo. Akwai tsohon garin Grand-Bassam, hedikwatar farko ta mulkin mallaka daga 1893, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012, kuma a kan wannan ziri na rairayi yake zaune. Sai kuma hurumin teku na Grand-Béréby a yammacin San Pedro, na farko a ƙasar, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,600, wanda aka ayyana a watan Disamba na 2020 bayan shekarun da ƙungiyar CEM mai kare halittun teku ta yi tana aiki da matasan ƙauyukan yankin wajen sintirin dare da tsaron ramukan kunkuru.

Tushen ikon hukuma a kan rairayin ya girmi 'yancin kai, domin wata dokar 29 ga Satumba, 1928 ta sanya bakin teku har iyakar da ruwa ke kaiwa in ya cika, da ƙarin mita 100 daga nan, cikin dukiyar jama'a da ba a sayarwa. A ranar 2 ga Yuni, 2017 ƙasar ta kafa doka ta musamman kan tsarawa da karewa da gudanar da yankin gaɓa, kuma ita ce mai masaukin Yarjejeniyar Abidjan ta 1981, wadda ta haɗa ƙasashen gaɓar Atalantika daga Muritaniya zuwa Afirka ta Kudu kan kare teku. Abin da ke wahalarwa shi ne yawan hannu a kan abu guda: ma'aikatar muhalli, da hukumar harkokin teku, da ta yawon buɗe ido, da magajin gari, da wakilin gwamnati a jiha, da jandarma, da sarakunan ƙauyuka, kowa na da ta cewa a kan gaɓa ɗaya, kuma a irin wannan hali direba kan wuce ne ta tsakanin hukumomin, kowace tana zaton aikin wata ne ta tsayar da shi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Hanyoyin da duniya ta gwada sun kasu gida biyu. Gida na farko ya ɗauki hani a matsayin asali, izini kuma togaciya. Faransa, wadda dokokin Kwaddebuwa ke da dangantaka da nata, ta haramta yawo da ajiye motoci a bakin teku da tuddan rairayi, in ban da na agaji da na 'yan sanda da na masu aiki a wurin, sai da izinin wakilin gwamnati. Aljeriya ta sa irin wannan hani a dokar gaɓarta ta 2002, Maroko a tata ta 2015. Afirka ta Kudu ta haramta tuƙin nishaɗi a dukkan gaɓarta daga Janairu 2002, a zamanin ministan muhalli Valli Moosa, ta bar ƙofa ga masu bincike da masu ceto da naƙasassu da wuraren tura jirage masu lasisi. Masu kamun kifi da ƙugiya da masu otal sun yi ƙorafi ƙwarai, amma masana sun ga ƙaruwar tsuntsayen da ke ƙwai a kan rairayi a gaɓoɓin da motoci suka bari.

Gida na biyu ya bar tuƙin, ya ɗaure shi da sharuɗɗa, kuma Amurka ce babbar misalinsa. Tun a 1972 Shugaba Nixon ya umarci hukumomin filayen gwamnati su tsara inda irin waɗannan motoci za su bi, amma hurumin Cape Hatteras a jihar Karolina ta Arewa bai sami cikakkiyar ƙa'ida ba sai 2012, bayan ƙarar da ƙungiyoyin kare muhalli suka shigar a 2007, inda aka fito da takardar izini da ake saya, da hanyoyin da aka shata, da hana tuƙin dare a lokacin ƙwan kunkuru. A gundumar Volusia, inda Daytona take, ƙarar da aka shigar a 1995 da sunan kunkuru ita ta kai ga tsarin 1996 da ya rufe wasu sassa, ya hana tuƙin dare, ya kuma kafa turaku a gindin tudu da mota ba ta tsallakewa. Darasin da ke cikin jinkirin shekara arba'in na Cape Hatteras shi ne, al'adar da aka bari ta yi saiwa takan koma haƙƙi a idon masu ita, ta tara otal da shago da ƙuri'a a bayanta, har cire ta ya gagari hukuma.

Muritaniya ta ba da darasi na dabam. Kafin a kammala kwaltar Nuwakshot zuwa Nuwadibu a tsakiyar shekarun 2000, matafiya kan jira ruwa ya janye su bi bakin teku zuwa Nouamghar, su ratsa hurumin Banc d'Arguin, domin babu wata hanya. Da kwalta ta zo, yawancin zirga-zirgar ta koma kanta. Wanda larura ta hau da shi rairayi hanya ce maganinsa, wanda nishaɗi ya hau da shi kuwa doka ce.

Wa za a hana, wa za a bari

A nan ne gardamar take da nauyi, domin masu hawa rairayi ba ɗaya suke ba. Masuntan Fante da Awlan da Alladian da ke jan koma a ƙauyuka irin su Azuretti da Mondoukou, da matan da ke sayen kifin a bakin kwale-kwale, suna bukatar abin da zai kwashe kifi da ƙanƙara da injin jirgi kafin rana ta lalata kamun, kuma hani na bai-ɗaya zai faɗa ne a kan talakan da dakonsa bai wuce 'yan mitoci ba. Motar asibiti da ta masu ceto larura ce a gaɓar da raƙumanta ke cin masu wanka duk shekara. Mai otal yana da hujjar cewa baburan haya na kawo baƙi da aikin yi, sai dai baƙon da ya zo neman natsuwa da iyalin da yaransu ke wasa a rairayi su ma abokan ciniki ne, kuma su ne inji ke kora. Tifar yashi kuwa ba ta da hujja ko kaɗan, tunda ita katangar kanta take ɗauka, shi ya sa Benin da Togo suka haramta ɗibar yashin teku.

Ƙasar Hausa ta san maganin irin wannan rikici tun da daɗewa a tsarin burtali, inda ba a hana garke wucewa, ba a kuma bar shi ya bi ta cikin shuka, sai a shata masa hanya da kowa ya sani, a tsananta tsaronta da damina, a sassauta bayan girbi. Ƙa'idar da za ta dace da gaɓar Kwaddebuwa tana bukatar waɗannan ginshiƙai: hani ya zama asali a cikin kowane hurumi da kan kowane tudu mai ciyawa, a shata mashigai ƙalilan da ke gangarawa kai tsaye daga hanya zuwa matsayar kwale-kwale, masu turaku a gefe biyu, domin motar aiki ta shiga ta fita ba tare da ta bi tsawon gaɓa ba, a rufe gaɓoɓin ƙwai daga faɗuwar rana zuwa fitowarta tun daga Oktoba har ƙyanƙyasar ƙarshe, izini kuma ya kasance da sunan mota da aikinta da wa'adinta, mai arha ga masunci, mai wuyar samu ga mai nishaɗi.

Ginshiƙan ba za su tsaya ba sai da abin da ke tallafa musu a bayan tudu, wato wurin ajiye motoci mai tsaro, da hanyar ƙafa ta katako da ke tsallake ciyawa, da filin da aka ware wa masu baburan haya can cikin gonakin kwakwa nesa da ruwa. Tsaro kuma ya fi inganci a hannun mutanen wurin, kamar yadda Grand-Béréby ta nuna, inda waɗanda a da suke tono ƙwai suka zama masu gadinsa da zarar gadin ya zama sana'a mai albashi. In wani kaso na kuɗin ajiye mota da na tara ya tsaya a ƙauye, sarkin gari da matasansa za su ga motar da ta tsallake turaku a matsayin asararsu. Hukunci kuma dole ya hau kan babbar mota kamar yadda yake hawa kan babur mai ƙafa uku, domin dokar da ta tsaya a kan talaka kaɗai ba ta daɗewa kafin ta koma hanyar karɓar na goro.

Faɗakarwa tana da gurbin da ya fi allon gargaɗi a bakin ruwa, kuma gurbin yana tashoshin Treichville da Adjamé, inda tafiyar ke farawa. Ƙungiyoyin direbobi, da shugabannin al'ummomin baƙi, da limaman masallatan unguwa, suna isar da magana cikin Jula da Hausa da Faransanci zuwa kunnuwan da sanarwar gwamnati ba ta kaiwa, kuma ga Musulmi batun ba baƙo ba ne, tunda fiƙihu ya san hima, wato filin da shugaba ke keɓewa domin maslahar jama'a, kamar yadda Halifa Umar ya keɓe Rabaza.

Kwaddebuwa na da damar da Amurka ta rasa, domin tuƙin nishaɗi a gaɓarta bai riga ya zama masana'antar da garuruwa suka dogara da ita ba, hurumin tekunta na farko sabo ne, wasu kuma na tafe. Ƙa'idar da aka rubuta yanzu, aka shata ta da turaku a Jacqueville da Bassam da Assinie da Grand-Béréby, za ta ci kuɗi kaɗan da rigima kaɗan, alhali wadda aka jinkirta za a rubuta ta ne bayan tudun ya tsage, a lokacin da gyaransa zai koma aikin injiniyoyi da bashin biliyoyi.